Rigar da Na Naɗe Tangaran da Ita

Akwai abin da mutum zai yi da safe ya manta da shi kafin la'asar, akwai kuma wanda ko ya so mantawa ba zai sake shi ba. Wannan da zan ba ku labarinsa, muddin ina numfashi ba zai bar raina ba. Shekaru sun ja yanzu, amma har yau in na ɗauki almakashi zan yanka tsumma, sai na ji hannuna ya ɗan tsaya.

A lokacin ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, nan unguwar Bronx a Amurka. Wata ƙawata 'yar zangon Kumasi ce ta yi mini hanyar aikin, aka tura ni gidan wani dattijo, baƙar fatar Amurka, a Soundview, tafiyar minti goma da ƙafa daga gidanmu. Ya haura tamanin da biyar. Dogo ne har ya ranƙwafa, hannuwansa manya-manya, yatsun hannun damansa duk sun karkace, kowanne ya kalli gabansa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya tilo tana zaune can unguwar Flatbush, sai ran Asabar take leƙowa. Ni Baba nake ce masa. Ranar farko ya tambaye ni ma'anar kalmar, na ce masa uba ke nan a harshenmu. Ya ce to ya karɓa, amma kada in sa ran gado.

Sai in faɗi halina tun yanzu, don shi ya ja mini. Ni mace ce mai son tsafta har abin ya yi yawa, kuma ba na jure ganin abu a ajiye ba amfani. Maigidana yakan ce da za a ƙyale ni, da na fito da bokiti na wanke kwaltar unguwa. Baba kuwa mutum ne mai ajiye-ajiye. Kullum muna cikin 'yar tsama a kan tsofaffin jaridu da gwangwanayen da ya hana a zubar.

Abin da ya fi so a duniya shi ne kallon besbol a talabijin, wasan nan da wani zai jefo ƙwallo, wani ya maka mata kulki ya ruga da gudu. Ni ban taɓa gane kansa ba. Nakan tsokane shi in ce, "Baba, wannan ai wasan malalata ne. Mutum tara a fili, takwas suna tsaye suna taunar cingam." Sai ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ɗaga karkatattun yatsun nan ya ce, "Kin ga waɗannan? Wasan malalatan ne ya mayar da su haka. Na buga shi, yarinya." Ni kuwa sai in ce to, a raina ina cewa kowane tsoho a bakinsa gwani ne da ƙuruciya. Babu hoto ko ɗaya a bango, babu kofin gasa, babu wata shaida. Ban taɓa zama na tambaye shi ba.

To, mu 'yan gida da ke zaune a garin nan muna da al'adar durom. Za ka sayi shuɗin durom na roba ka kafa shi a lungun falo, wata da watanni kana jefa abin da ya samu: sabulu, man girki, takalman yara, kayan sawa. In ya cika sai ka kira mai lodi ya zo ya ɗauka, ya sa a kwantena, jirgin ruwa ya kai gida. Namu mai lodin wani Alhaji ne mutumin Nijar, yana da sito a bayan gadar babban titi. A shekarar na sayo wa mahaifiyata saitin kwanukan tangaran, farare masu zanen fure, irin waɗanda ta daɗe tana sha'awa a gidan mutane. Duk wadda ta taɓa aika tangaran ta san dokar: kowane kwano sai an naɗe shi da tsumma, in ba haka ba garinsa za a kai. Saboda haka a makon nan neman tsumma nake ido rufe.

Ran Asabar 'yar Baba ta zo, ta tarar yana barcin rana, ta ce yau ce ranar da za mu rage tarkacen wadrob ɗinsa. Ta cika baƙaƙen ledoji uku da tsofaffin kaya, ta jera su a ƙasan wadrob ɗin ta ce mini, "Waɗannan ki kwashe, ki ba mabukata ko ki zubar." Ta tafi. Da na zo ɗauka, sai na hango a can bayansu wata tsohuwar rigar filo an ƙulle bakinta. Na kwance. Riga ce da wando na ulu, launin toka, masu nauyi, asu ya ɗan tattaɓa su. Jar ƙasa ta kama gwiwoyin wandon, rubutun da ke ƙirjin rigar ya ɗaɗɗago, ga wani ƙaton maho baƙi a gefenta, wanda ko kusa bai dace da launin ba. Na ce kai, wannan ko a kasuwar gwanjo ba mai ɗaga ido ya kalle shi, amma ga tangaran ya yi daidai. Na cusa a leda na yi gaba. Baba yana ɗaki, taku biyar tsakaninmu, ban tashe shi na tambaya ba.

Da yammar nan na baje a falona da almakashi, waya a maƙale a kunne, ina hira da ƙanwata da ke gida. Hannu yana yanka yana naɗewa, baki yana zuba, hankali yana can wajen labarin wanda ya yi aure da wanda ya haihu. Na cika durom, na rufe, na rubuta sunan mahaifiyata a jiki. Ran Lahadi motar Alhaji ta zo ta ɗauka, na yi hamdala na share wurin.

Ran Laraba 'yarsa ta kai Baba ganin likita. Ran Alhamis da safe na tarar da shi zaune, talabijin a kashe, abin da ban taɓa gani ba. Na gaishe shi ya amsa a hankali. Ya ce likita ya ce zuciyarsa ta gaji, ba yau ba, ba gobe ba, amma ya fara shiri. Sai ya ce, "Ki duba can ƙasan wadrob, akwai wata rigar filo a ƙulle. Kawo mini, ina so ta sha iska."

Wallahi a nan take na gane wadda yake nufi. Na shiga ɗakin, na buɗe wadrob, na durƙusa ina lalube a wurin da na san babu komai. Na fi minti biyar ina wannan wasan kwaikwayo. Na fito na ce, "Baba, babu." Ya dafa sandarsa ya je da kansa, ya duba, ya sake dubawa. Sai ya ɗauki waya ya kira 'yarsa. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ce, "Kin gaji da ni, ko? Tun ban mutu ba kin fara zubar da ni." Ina jiyo ta ta cikin wayar tana rantsuwa cewa ledoji uku kawai ta ware, tana kuka, shi kuwa ya kashe wayar.

Na gudu kicin na ɗora shayi don in sami wurin ɓuya. A nan Shaiɗan ya same ni, kuma ya zo da hujja mai kyau. Ya ce ke yi shiru, ai 'yarsa ce ta ce ki kwashe na ƙasan wadrob. In kika yi magana aka kai ƙararki wajen waɗanda suka turo ki, me sunan abin da kika yi? Ɗaukar kayan tsoho ba izini. Sunansa sata, kuma kin san abin da ke biyo baya. Su uba da 'ya ne, za su shirya. Ba zan yi muku ƙarya ba, na saurare shi, har na ji maganarsa ta fara kwanta mini.

Na kawo shayin. Baba bai taɓa shi ba. Ya kafa wa bango ido, sai ya fara magana, ba ma kamar da ni yake ba.

Ya ce shi a kudancin ƙasar nan aka haife shi, a zamanin da doka ta raba baƙi da fari a komai: makaranta, mota, famfon shan ruwa, har filin wasa. Manyan kulob na fararen fata ba sa ɗaukar baƙi ko da mutum zai jefa ƙwallo ta huda bango. Sai baƙaƙe suka kafa nasu kulob ɗin, da nasu gasar, da nasu 'yan kallo, waɗanda suke fitowa daga coci ran Lahadi da kwalliyarsu su cika fili. Yana da shekara sha tara wani kulob ya ɗauke shi, a ƙarshe-ƙarshen zamanin. Shi ne mai tsugunawa bayan mai bugu yana cafke ƙwallo, abin da ya karya masa yatsu ke nan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a tsohuwar bas suke rayuwa, gari zuwa gari, wani lokaci wasa biyu a rana. Su ci wasa mutane su tafa musu, su fito otal ya ce ba ɗaki, gidan abinci ya ce su zagaya ta ƙofar baya. Riga ɗaya kowa yake da ita. Ka wanke ta a famfon gidan mai, ka rataye ta a tagar bas iska ta busar.

Ya ce wata rana a wani ƙaramin gari ya yi karo da mai gudu, rigarsa ta kece tun daga hammata har ƙugu. Ba riga, ba wasa, kuma akwai masu jiran gurbinsa. A garin babu inda zai karɓe su, sai wata bazawara mai wankau ta buɗe musu gidanta, su shida suka kwanta a ƙasan falonta. Ta ga rigar. Ta ɗauko kwat ɗin mijinta da ya rasu, ta yanki gefensa, ta yi masa maho, ta bi shi da ɗinki har sau uku don kada ya sake buɗewa. Da safe ta miƙa masa ta ce, "Je ka ka nuna musu." Ya ce bai ma tambayi sunanta ba, ƙuruciya.

"Daga baya fararen suka buɗe ƙofa," in ji shi. "Mun yi murna, wallahi mun yi. Amma sai suka tsince gwanayenmu, 'yan kallo suka bi su, kulob ɗinmu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ni ba a tsince ni ba. Na zo garin nan na yi shekara talatin ina sharar tashar jirgin ƙasa. Ba jaridar da ta rubuta sunana, ba wanda ya ɗauke ni hoto. Abokan wasana duk sun tafi. In ban da rigar nan, babu abin da zai ce na taɓa zama wani abu." Sannan ya ce, "Da ita nake so a binne ni. Na gaya wa matata, ita kuma ta riga ni."

Jama'a, kun san abin da ya faɗo mini? Mahaifina, Allah ya jiƙansa. Da ya dawo daga Makka ya ninke haraminsa ya sa a can gindin akwatinsa, ya tara mu ya ce wannan shi ne likkafaninsa, duk wanda ya taɓa bai yafe ba. Shekara ashirin da wani abu farin ƙyallen nan yana kwance, har ya yi ja, kuma da shi aka rufe shi. Ashe likkafanin bawan Allah na ɗauka na naɗe kwanuka da shi.

Ban san lokacin da na zube a gabansa ba, gwiwa biyu, yadda ake neman gafarar babba a gida. Na ce, "Baba, ba 'yarka ba ce. Ni ce." Na faɗa masa rigar filo, da durom, da tangaran, hawaye yana zuba. Abu ɗaya na kasa faɗa, shi ne almakashi. Domin ni kaina ban sani ba. Na tuna na yayyanka tsummoki da yawa, amma ko rigar tana ciki, ko ba ta ciki, hirar waya ta cinye wannan.

Ya kalle ni a durƙushe. Sai ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Tashi! Tashi tsaye. A gidan nan baƙar fata ba ya durƙusa wa kowa. Mun yi wannan ya ishe mu." Na miƙe. Ya ce, "Jirgin ya tashi?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To me kike jira?"

Na kira Alhaji. Ya ce, "Hajiya, an gama lodi tun jiya. Durom ɗinki shi ya fara shiga, yana can ƙurya. Gobe bayan Juma'a kamiyo, babbar motar nan, zai ja kwantena ya tahi bakin ruwa." Na ce akwai wata tsohuwar riga a ciki da nake so a ciro. Ya yi dariya. "A sauke kwantena guda saboda tsohuwar riga? Haba Hajiya! Ki bari in ya isa gida su aiko miki." Wata biyu ke nan ko uku, in ma ta tsira daga hannun yaran gidanmu, kuma likita bai ba Baba alkawarin wata uku ba. Na roƙa, ya ce yana da baƙi, ya kashe. Daga nan na kira 'yar Baba na gaya mata gaskiya da bakina. Ba ta yi mini ihu ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ki nemo ta."

Da na koma gida na gaya wa maigidana har da zancen almakashi. Ya riƙe baki ya ce, "Ke dai tsaftar nan taki wata rana sai ta kai mu kotu." Amma ya ce gobe ba zai fita da tasi ba, shi zai kai ni.

Ran Juma'a da sassafe muka biya gidan Baba don in ba shi magani kafin mu wuce. Muka tarar ya shirya tsaf, har da hula, 'yarsa tana gefe idanunta a kumbure. Ya ce da shi za a je. Muka yi muka yi, ya ce ya yi tafiyar kwana biyu a bas da ba ta da birki, tafiyar minti ashirin ba za ta kashe shi ba.

Muka isa sito. Ga kwantena a buɗe, an cusa kaya har baki: duromomi, katifu, firji, kwalaye, har da kekuna a sama. Alhaji yana tsaye da ma'aikatansa huɗu suna shirin rufewa. Da ya gan ni ya ɓata rai. "Hajiya, ba mun gama magana ba? Mutum arba'in ke da kaya cikin nan. In kamiyo ya zo bai same mu a shirye ba, sai wani jirgin. Mi zan ce musu?" Gaskiyarsa ce, kuma na san gaskiyarsa ce. Maigidana ya sa baki, ya ce a duba zumunci, Alhaji ya girgiza kai. Na fara ba shi labarin wasa da kulob da bas, na ga ko a jikinsa, shi da bai san besbol ba balle tarihinsa. Sai na nuna masa Baba da ke zaune cikin mota na ce, "Alhaji, ka ga dattijon can? Likkafaninsa ne a ciki. Shekara kusan saba'in yana ajiye da shi, ni na ɗauka bisa kuskure."

Alhaji ya juya wajen motar. Ya kalli Baba, ya kalle ni. "Innalillahi. Likkahwani? To don mi ba ki ce haka ba tun jiya, kika tsaya kina ce mini tsohuwar riga?" Ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a ƙofar kwantena, ya juya ga mutanensa ya ce, "Ku sauke."

Ba wanda ya yi gunaguni. Aka kawo wa Baba kujera aka ajiye shi a inuwa. Maigidana ya naɗe hannun riga ya shiga layi, kwalaye suna tafiya hannu zuwa hannu. Baba yana kallo yana gyara musu: wannan ya iya cafka, wancan kuwa da a kulob ɗinsu ne da tuni an sallame shi. Da aka tsaya shan ruwa, Alhaji ya sa maigidana ya yi masa tafinta, ya ji labarin otal da ƙofar baya. Ya riƙe haɓa ya ce, "A ƙasarsu? Ƙasar da aka haihe su?" Baba ya ce, "A ƙasarmu." Ni dai ban iya zama ba, ban iya taya su ba. Ina ta kai da kawowa ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina kallon rana tana hawa.

Wajen ƙarfe sha ɗaya aka mirgino durom ɗina. Aka yanke ɗaurin, na buɗe. Na kwashe sabulai da takalma na zubar a ƙasa, na iso kan tangaran. Kwano na farko, tsohuwar shat ce. Na biyu, tawul. Na uku, da na ɗago shi, ulu ne launin toka da jar ƙasa a jiki. Ƙafar wando ce, an yanke ta daga gwiwa, yanka mai kyau, irin nawa.

Na ji 'yar Baba ta ja numfashi a bayana. Na kasa waiwayawa. Na ce, "Baba, akwai abin da ban gaya maka ba jiya." Ya ce, "Na gani. Ci gaba."

Na ci gaba. Wandon ya fito gida huɗu, kowane yanki da kwanonsa. Duk tsumman da na taɓa sai gabana ya faɗi, ina jiran in ga hannun riga ko rabin rubutu. Kwanuka suka ƙare saura babbar tasa ta gindi, wadda na fara sawa. Na zura jikina har kafaɗa na rungumo ta. Tana naɗe cikin ulu mai nauyi. Na ajiye a ƙasa, na warware a hankali, hannu ɗaya ya fito, ɗaya hannun ya fito, wuya, rubutun ƙirji. Rigar tana nan ɗungurungum.

A gefenta, daga ƙasa, akwai yanka tsawon ɗan yatsa. Ya hau ya tsaya cak a bakin baƙin mahon nan. Sai a lokacin abin ya dawo mini. Na sa almakashi, ya ci ya ci, ya zo kan ɗinkin ya ƙi gaba. Na danna, ya ƙi. Na yi tsaki na ce wace irin mace ce ta yi wannan ɗinki kamar na buhu, na naɗe tasar da rigar gaba ɗaya don ba ni da lokacin kokawa.

Na zauna daɓas a kan kwali. Alhamdulillahi kawai nake maimaitawa, ina kuka ina dariya, ma'aikatan Alhaji suna ta kabbara kamar su aka yi wa bushara. Wata irin iska ta shige ni wadda tun ran Alhamis da safe ban shaƙa ba. Na kai wa Baba rigar da hannu biyu. Ya shimfiɗa ta a cinyarsa, ya bi ɗinkin da karkataccen yatsansa tun daga sama har inda almakashina ya tsaya. Na gaya masa yadda aka yi. Ya gyaɗa kai ya ce, "Sau biyu ke nan matar nan tana ceton rigar nan."

Sai ya miƙa wa 'yarsa hannu. Ya ce, "Na yi miki mugun zato. Kuma laifina ne, ban taɓa zaunar da ke na gaya miki ba." Ta durƙusa kusa da kujerar ta kifa kanta a kafaɗarsa, wannan karon bai ce kowa ya tashi ba.

Na tattaro yankunan wandon na ce, "Baba, wannan fa? Ka yafe mini." Ya ɗaga ɗaya ya juya shi, ya ce, "Yarinya, a nan rabin akwatin gawa ake buɗewa, na sama. Ba mai ganin wando. Ko da gajeren wando aka sa ni ba wanda zai sani." Maigidana ya fassara wa Alhaji, Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Aka mayar da kaya a gurguje, na naɗe tangaran da kwalayen da Alhaji ya yayyaga mini, aka rufe kwantena ana kiran sallar Juma'a a wayar wani. Kamiyo ya zo ya same su a shirye.

Duk da haka ban bar wandon ba. Sati biyu ina zama kusa da shi bayan na gama aiki, ina haɗa shi da allura da zare, shi kuma yana koya mini wasan malalata a talabijin. Har na gane kansa, har na fara yi wa alƙalin wasa faɗa. Yankan rigar kuwa, na ce zan nemo zare launin toka yadda ba za a gani ba. Ya ce a'a, in sa wanda za a gani. Na yanki bakin wani tsohon zanena shuɗi na yi masa ɗan maho a ƙarƙashin nata, na bi shi da ɗinki sau uku.

Likita ya yi kuskuren lissafi, Baba ya ƙara shekara biyu da 'yan watanni kafin ya rasu. Ranar da za a yi masa sallama 'yarsa ta kira ni ta ce in zo wurin da suke bankwana da gawa. Ban saba shiga irin wuraren nan ba, amma na yafa mayafina na je. Rabin akwatin aka buɗe, kamar yadda ya faɗa. Yana kwance cikin rigarsa, an haɗa karkatattun yatsun nan a ƙirji. Daga inda na tsaya ina hango baƙin maho, da ɗan shuɗi a ƙasansa. Mutane suna wucewa suna tambayar wace riga ce wannan, 'yarsa tana tsaye tana ba su labarin bas da bazawara mai wankau, ba ta rage komai ba.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, ni kuwa taku biyar ya gagare ni. Abin da na koya shi ne, ba idona ne ke yanke wa abu daraja ba, mai shi ne ya san abin da ya ajiye. Tun daga ranar, duk gidan tsohon da aka tura ni, ko tsinken ashana na gani an adana, sai na ɗauka na je gabansa na ce, "Wannan fa, mene ne labarinsa?" Kuma in ya fara faɗa, nakan ajiye tsintsiya in zauna.